Malam Bunyaminu da Kalmar da Ta Ɗaure Jirgin Ango

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Lolo ya san teburin nan da ke gindin ɗorawa, hannun dama in ka baro rumfar masu banda. Kafin rana ta yi ƙwari Malam Bunyaminu ya riga ya share wurin da kansa, ya yayyafa ruwa, ya kakkaɓe benci. Sai ya kwance zanen da yake naɗe ƙamus ɗinsa guda biyu, na Faransanci da na Ingilishi, ya jera su, ya duba bakin alƙalami, ya gyara zaman tabarau. Daga nan ya waiwayo rumfata ya ce, “Tela, yau ma ka tashi ɓata ma mutane yadi?” Ni kuma in ce, “Na tashi. Kai ma Allah shi ba ka sa'ar ɓata musu takarda.” Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin faɗa masa duk abin da na ga dama, kuma shekara da shekaru ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba.

Ni ne Lauwali Tela. Bokon da nake rubuta wannan da shi a ajin yaƙi da jahilci na same shi da furfurata, don haka in Hausarmu ta nan ta kuɓuce mini a wani wuri, ku yi haƙuri. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami shi ne, bana Malam Bunyaminu ya naɗe teburinsa. Yanar ido ta rufe masa gani, ƙananan baƙaƙe sun daina tsaya masa wuri ɗaya. Na jira in ji ko wani babba zai tashi ya ce masa sannu da aiki, na ji tsit. To, ni zan faɗa. Kuma ina so in ba ku labarin jirgin Ango, wanda saura ƙiris a kaɗa masa ƙararrawar gwanjo saboda kalma ɗaya tak ta Faransanci.

Amma bari ku fara sanin irin aikinsa. Mu nan bakin iyaka muke. Ka taka kaɗan yamma, ka shiga Dahome, ƙasar da Faransa ta riƙe. A kasuwa ba mu da matsala: mai Hausa, mai Fulatanci, mai Dandanci, kowa yana jin ɗan uwansa, a yi ciniki a tafa. Takarda ce ba ta jin yarenmu. In an rubuta ta can, da Faransanci take zuwa. In za a kai ta kwastan ko banki ko kotu a nan, sai da Ingilishi. Malam Bunyaminu ya yi lakwal, wato makarantar Faransa, a Kandi yana yaro, lokacin da kawuna, mahaifinsa, yake fatauci can. Ingilishi kuwa da girmansa ya tsince shi, wajen aikin awo a kanti da zama da akawunan kwastan. Shi ne ya tsaya tsakanin takardun nan biyu tun kafin yaƙin Hitila.

Yana da tsarinsa, kuma ba ya sauya shi ko don sarki. Zai karanta Faransancin da ƙarfi. Sai ya ajiye takardar ya faɗa wa mai ita da Hausa abin da ta ce, ya tambaye shi, “Haka kunka yi da shi?” In mutum ya ce haka ne, sannan ya rubuta Ingilishin. In ya gama, ya sake mayar da Ingilishin Hausa, mutum ya ji ko magana ta karkace a hanya. Masu sauri suna ƙorafi. Ni kaina na sha ce masa a lokacin da yake juya takarda ɗaya ni na ɗinka wando biyu. Ya ce ai shi ya sa wandunana ba sa kai sallah.

Akwai ranar da Batulu, matar Gidaɗo na rugar bayan Geza, ta zo kasuwa rai a ɓace, ƙwaryar nono a kai, mijin yana biye da ita yana ba da haƙuri. Gidaɗo ya sayar wa wani Bafaranshe bijimai, an ba shi takarda. Wani da ya ɗan leƙa lakwal ya duba ya ga kalmar da suke cewa “tret”, ya ce ai wannan tatsa take nufi. Shi ke nan Batulu ta ɗauka Gidaɗo ya haɗa har da nonon shanu ya sayar, alhali kowa ya san nono a ruga na mace ne. Ta dire ƙwarya a kan teburin Malam ta ce, “Karanta min, in ji wa ya ba shi!” Malam ya karanta, ya danne dariyarsa da ƙyar, ya ce, “Inna, kwantar da hankalinki. Gaskiya ta, kalmar ga tana nuhin tatsa in ana zancen shanu. Amma a bakin 'yan kasuwa takardar alkawalin biya ta. Bature na za a tatsa, ba saniyarki ba.” Batulu ta dubi Gidaɗo sama da ƙasa ta ce Allah ya taimake shi. Ranar har ni na sha fura kyauta.

Daga wannan za ku gane inda wahalar take. Kalma ɗaya, in tana ruga ma'anarta daban, in ta shiga kanti daban, in ta je kotu daban. Ƙamus kuwa sai ya jero maka su duka ya bar ka ka zaɓa.

To, ga zancen Ango. Ango Basarke ne, ɗan gadon sana'ar ruwa, yana auren Mariya, ƙanwar Malam Bunyaminu uwa ɗaya uba ɗaya. Dukiyarsa duka jirgi ɗaya ce, babban kwalekwale na katako da ya yi shekaru yana tara kuɗi kafin a sassaƙa masa. Da shi yake ɗaukar shinkafa da banda daga nan ya haura Kwara zuwa Malanbil. Da shi yake ci da gidansa, kuma manoma da yawa ba su da wata hanyar fitar da amfaninsu sai shi. A Malanbil akwai wani Bafaranshe mai kanti da muke kira Mushe Mai Lofe, shi ne babban mai sayen kayan Ango. Yana biya, amma sai ya ja rai: ka sauke masa kaya, ya ba ka takardar shaida, ya ce ka dawo bayan wata uku.

A shekarun nan ne wata sabuwar sana'a ta ɓullo. Wani gidan kuɗi na Kwatano ya buɗe reshe a Malanbil, aikinsu sayen bashi. Ka kai musu takardar da ke nuna kana bin wani, su zaftare nasu, su ba ka sauran nan take, su kuma su jira mai kanti ya biya su. Masu Ingilishi suna kiran irin wannan mai saye “fakta”, kuma sai da Malam ya sha yi wa mutane bayani cewa ba mai raba wasiƙu ake nufi ba, don da Faransanci sunan mai raba wasiƙu kusan haka yake fita. Liman ya yi magana a kan halascin abin, wannan ba fagena ba ne. Abin da na sani, Ango ya matsu, manoman da suka ba shi shinkafa suna jiransa a ƙofar gida, sai ya kai takardar Mai Lofe ya sayar. Ya dangwala yatsa a can, bai kawo wa Malam ya duba ba. Ya dawo yana mita wai sun yanke shi da yawa, amma ya sallami manoma, muka manta da zancen.

Sai aka samu mulkin kai, su can cikin damina, mu nan da kaka. Aka yi kiɗa aka yi rawa, ni ma na ɗinka tutoci har yatsuna suka yi kanta. Cikin wannan hidima Mushe Mai Lofe ya tattara ya-nasa-ya-nasa, ya cika wandonsa da iska. Bai biya gidan kuɗi ba, bai yi sallama da kowa ba. Tsofaffin akawunan gidan kuɗin ma Turawa ne, su ma suka koma gida, aka bar tarin takardu a hannun sababbi. Waɗanda suka shafi mutanen Nijeriya aka damƙa wa wani wakili daga Ikko ya bi sawunsu. Mutumin bai jin Faransanci. Ya ba wani ya juya masa da ƙamus, shi kuma ya yi aiki da abin da aka ba shi.

A ƙasan takardar Ango akwai kalmomi biyu. Yadda kunnena ya ɗauke su, “san rekur”. Mai juyawa ya duba ƙamus, ya ga “san” babu ce, “rekur” kuma afil, wato ɗaukaka ƙara. Sai ya rubuta cewa Ango ya yarda babu afil. Wakili ya karanta ya fahimci cewa in mai kanti bai biya ba, Ango zai mayar da kuɗi, kuma ya riga ya sa hannu ba shi da bakin ja. Ya shigar da ƙara a kotun joji a Birnin Kebbi. Wata safiya masinjan kotu ya sauka Lolo da sarƙa da kwaɗo, ya ɗaure jirgin Ango a jikin giyayyar da ke bakin mashaya, ya ce kada a taɓa shi har a yi shari'a. In Ango ya faɗi, gwanjo za a yi.

Wayyo, ban taɓa ganin namiji ya zube kamar yadda Ango ya zube ba. Kuɗin nan tuni sun shiga hannun manoma. Ga shinkafa ta fara nuna a fadama. Kullum sai ya tafi mashaya ya kwashe ruwan da ya taru a jirgin da ƙoƙo, ya zauna a gefe yana kallonsa.

Ran kasuwa Mariya ta yafa mayafi ta zo teburin wanta da kwafin takardar, abin da ba ta taɓa yi ba. Mutane suka taru. Malam ya karanta, ya buɗe ƙamus, ya rufe, ya sake buɗewa. Nasa ƙamus ɗin ma afil ya fara ba shi.

Mariya ta ce, “Yaya, kai ka san Turancin ga duka biyu. Rubuta musu cewa ba a bin shi komi. Wa za shi ganewa?”

Ya cire tabarau ya ce, “Mariya, takardar ga ta ce babu komowa. Amma wa aka hana ma komowa, Ango ko masu kuɗɗi? Ban sani ba. Ban taɓa gamuwa da kalmar ga a bakin 'yan kasuwa ba.”

Ta ce, “To zaɓi wanda za shi hisshe mu mana!”

Ya ce, “Ba ni zaɓe. Sai na tambayo. Kuma ki ji da kyau tun yanzu: in na iske ta ce mijinki shi biya, wallahi haka za ni rubutawa.”

Mariya ta fashe da kuka a tsakiyar kasuwa. Ta ce, “Nono guda munka sha da kai!” Ya ce ya sani. Ango, wanda ke tsaye bayan mutane, ya juya ya tafi. Ni kuwa jini ya hau mini kai. Na taso da almakashi a hannu na ce masa, “Kai wane irin mutum na? Ƙanwarka tana kuka kana zancen ƙamus?” Ya naɗe littattafansa, ya ɗaure su a bayan keke, ko azahar bai jira ba ya kama hanyar Malanbil, ga hadari ya haɗo.

Abin da ya yi a can, Inna Mero ce ta ba ni labari daga baya. Tsohuwa ce Badandiya mai sayar da man kaɗe, bakinta kamar reza. Ta ce ta gan shi ya shigo mata gida laka har gwiwa, keke a kafaɗa, ta ɗauka mahaukaci ne sai da ya ce mata “fofo” ya gaishe ta da Dandanci tsaf. Ashe bai tafi neman masu manyan takardun makaranta ba, don waɗanda suka rubuta kalmar sun riga sun bar ƙasar. Gida gida ya riƙa bi yana neman duk wanda ya taɓa sayar wa gidan kuɗin nan bashi. Tambayarsa biyu: a nuna masa takarda, kuma a gaya masa abin da ya faru bayan nan. Waɗansu suka kore shi, suna tsammanin ɗan leƙen asirin haraji ne. Waɗansu tasu takardar gara ta cinye.

Inna Mero tata tana cikin kwalla, naɗe da tsumma. Da ya duba ƙasa, sai ya ga “rekur” ɗin nan, amma kalmar da ke gabanta ba “san” ba ce. “Abek” ce, wato akwai. Ya ce, “Inna, wanda kika ba bashi ya biya su?” Ta ce, “Ina hwa! Ya tsere. Sunka zaka nan, sunka ce in maida musu kuɗɗinsu. Na biya, ɗana, har tasoshina na aure na saida.” Ta ce shi kuwa bai yi murna ba tukuna. Ya tambaye ta ko da yawa suka zaftare mata ranar da ta sayar. Ta ce ɗan kaɗan ne, har ta yi ta yi musu addu'a. Nan ya tuna da mitar Ango cewa shi an yanke shi da yawa.

Kun ga inda zaren ya kama? Wanda aka rubuta masa “akwai komowa”, kaɗan ake cire masa, don in abu ya ɓaci kansa za a komo. Wanda aka rubuta masa “babu komowa”, da yawa ake cire masa, don masu kuɗi sun ɗauki kasadar a wuyansu, yankan nan mai zafi shi ne ladan kasadarsu. Ashe masu kuɗi aka hana wa komowa kan Ango.

Da ni ne, daga nan sai gida da gudu. Shi kuwa ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba. Ya ci gaba da yawo har ya samu wani Sambo mai sayar da fatu, wanda tasa takardar ta ce “san” kamar ta Ango. Wanda Sambo ya ba bashi ya mutu bai biya ba, kuma har ranar babu wanda ya taɓa zuwa ya ce wa Sambo kanzil. Sai a lokacin Malam ya nemi ruwa ya wanke ƙafafunsa.

Saura Ingilishi. Ya san abin da maganar take nufi, amma bai san sunanta a bakin masu Ingilishi ba, kuma ya ce in ya yi dogon bayani da kalmominsa, joji zai ɗauka ra'ayinsa ne. Ya hau mota zuwa Birnin Kebbi, ya samu Malam Maliki, akawun kotu, mutumin kirki da ya yi midil a Sakkwato. Ya ce masa, “Ina da ma'ana, ba ni da kalma.” Malam Maliki ma bai sani ba, amma ya ce a jira. Ya aro wani littafin ka'idojin banki, suka zauna su biyu suna bin shafi da yatsa, har suka ci karo da ita. Ashe Ingilishi ma yana da 'yar uwarta, “rikos”, kuma littafin ya bayyana ta daidai da abin da ya faru da Inna Mero da Sambo. Malam Maliki ya ce mini bai taɓa ganin dattijo ya sumbaci littafin banki ba sai ranar.

Ranar shari'a muka cika mota: Malam, Ango, Mariya, ni, da Inna Mero, wadda ta ce ko ba a gayyace ta ba sai ta je ta ga idon mutanen da suka raba ta da tasoshinta. Ango ya zauna nesa da Malam duk tsawon hanya. Gaisuwa ma a taƙaice ya amsa.

Malam ya miƙa fassararsa. Bai ɓoye komai ba. Ya ce wa joji gaskiya ne kalmar tana nufin afil in ana zancen kotu, wanda ya fara juyawa bai yi ƙarya ba, ƙamus ya bi. Amma wannan takardar ciniki ce. Ya ajiye ta Inna Mero kusa da ta Ango, ya nuna inda suka bambanta, ya nuna bambancin abin da aka zaftare wa kowa, Malam Maliki kuma ya buɗe littafin banki. Joji ya duba, ya gyaɗa kai, har na fara jin sanyi a raina. Sai kawai ya ɗago ya tambaya: mene ne tsakanin wannan tafinta da wanda ake ƙara?

Malam ya ce, “Mijin ƙanwata ne.”

Joji ya ajiye alƙalami ya ce, to yaya kotu za ta dogara da fassarar suruki a kan surukinsa? Ya ce sai dai a aika takardar Ikko a nemi wani tafinta. Mu kuwa mun san abin da wannan yake nufi. Kafin amsa ta dawo an gama girbi, kaka ta wuce, jirgi yana ɗaure yana ruɓewa a ruwa. Ko Ango ya ci shari'a daga baya, ya riga ya tashi a tutar babu. Mariya ta rufe fuska da mayafi.

Sai wakilin gidan kuɗi ya miƙe. Na ce a raina, shi ke nan, zai ƙarasa mu. Ya yi magana da Ingilishi, Malam Maliki yana mayar mana. Ya ce ran kasuwar nan yana Lolo, ya je duba jirgin, yana tsaye cikin taron da ya kewaye teburin. Bai jin Hausa sosai, amma da ya ga mace tana kuka ya tambayi mai masaukinsa abin da dattijon ya ce mata, aka gaya masa. Ya ce, “Mutumin da ya faɗa wa ƙanwarsa haka a gaban kasuwa, bai san ina wurin ba, ba ni da ja a kan fassararsa. Na karɓa.”

Joji ya dube shi, ya dubi Malam, ya ɗauki alƙalami. Ya ce gidan kuɗi sun sayi bashi da kasadarsa, sun kuma karɓi ladan kasadar, su nemi Mushe Mai Lofe duk inda ya shiga. A kwance jirgi.

Jama'a, ban san lokacin da na ce “Alhamdu lillahi” da ƙarfi ba, sai da ɗan doka ya daka mini tsawa. Na zauna daɓas a benci. Mariya tana dariya tana kuka. Inna Mero ta rangaɗa guɗa a cikin kotu, aka fitar da ita, ta ƙarasa a waje. Ango kuwa ya sunkuyar da kai. Da masinja ya zo Lolo ya buɗe kwaɗon nan, rabin gari yana mashaya, kuma kafin sati ya zagayo buhunan sabuwar shinkafa sun cika jirgin har baki.

Malam Bunyaminu, yanzu da kai nake. Na san sai dai a karanta maka wannan, kuma na san za ka ce tela ya cika surutu. Faɗi abinka. Kai ne ka ce “ban sani ba” a gaban kasuwa, ranar da faɗin haka ya fi komai ciwo. Kai ne ka ɗauki keke a kafaɗa cikin laka don kalma biyu. Kai ne ka bar ƙanwarka ta yi kuka yini ɗaya don kada ta yi na shekaru, ko da yake a ranar kai ma ba ka san yadda za ta kaya ba. Gadar bakin iyaka, mai amanar takarda. Ba ka tara komai ba a aikin nan, gidanka na ƙasa ne kamar nawa, rigar da kake zuwa Juma'a da ita ni na ɗinka ta kuma na san shekarunta. Amma akwai gidaje a Lolo da Geza da Kurgu, har da can ƙetare, da suke tsaye yau saboda ka ƙi yin sauri. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka maka ido, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma samarin da ake ta kaiwa makaranta yanzu, ƙasa ta dawo hannunmu, takardun ma sun dawo hannunku. Za ku fi Malam Turanci, shi da kansa yana faɗa. Abin da nake roƙonku, in manomi ko Basarke ko tsohuwa mai man kaɗe ta miƙo muku takarda, ku tuna abincin gidanta ne ta miƙo. In kalma ta fi ƙarfinku, ku faɗa, ku tashi ku tambayo waɗanda abin ya taɓa faɗa wa. Teburin gindin ɗorawa yana nan babu kowa, kuma takardu ba su daina zuwa daga Malanbil ba.

Kafin in rufe, na gangara mashaya na gaya wa Ango ina rubutu a kan surukinsa, ko yana da abin da zai ce in sa. Yana cikin jirgin yana jera buhuna, 'ya'yansa biyu suna miƙo masa. Ya tsaya, ya share zufa. Sannan ya ce, “Rubuta mishi cewa har yau in na tuna maganar da yay yi ma Mariya ran nan, raina na ɓaci.” Na ce to, shi ke nan? Ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon jirgin ya ce, “A'a. Ka ƙara da cewa ita ta kwance min wanga jirgi.”